A riƙa kawo mana al'adun Sifen, ba ƙwallo kaɗai ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Nan Jidda samarinmu sun haddace 'yan wasan Real Madrid da Barcelona tun da aka fara kawo Super Cup ɗin Sifen Saudiyya a 2020, amma ka tambaye su bukukuwan ƙasar Sifen sai su yi tsit, shi ya sa nake roƙon ku buɗe mana fili.

Ga bikin garin Alcoy da ake yi a Afrilu, mutane su rabu gida biyu, wasu da rawani da takubba a matsayin Musulmin Andalus wasu da kayan Kiristoci, ana ta harba bindigar gargajiya hayaƙi ya turnuƙe gari, suna tuna yaƙin 1276 da Al-Azraq ya jagoranci Musulmi. Wallahi tarihinmu ne wannan, ya kamata yaranmu su sani.

A Balensiya kuma ran 19 ga Maris suna ƙona manyan mutum-mutumi, ana danganta asalinsa da kafintoci masu ƙona tsoffin katakai in hunturu ya wuce. Bikin jifan juna da tumatir na garin Buñol da ya faro a 1945 kam ba na so, almubazzaranci ne, ga masu neman na miya.

Naku mai karatu,
daga Jidda.