Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar Lafiya Ta Duniya Kan Ƙwayoyin Nano Masu Mayar Da Haske Zafi

Mai girma Dakta Tedros Adhanom Ghebreyesus,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, na rubuto ne a kan wata fasaha da ta jima tana yawo a mujallun kimiyya, amma har yau ba ta samu alƙalin da zai auna ta a inda ake buƙatarta ba. Ina nufin ƙwayoyin nano masu shanye haske su mayar da shi zafi.

Ranka ya daɗe, ka san abin, amma tunda wasiƙar a buɗe take, bari in ɗan yi wa sauran masu karatu bayani. In aka raba mita ɗaya gida biliyan, kashi ɗaya shi ne nanomita, kuma kaurin gashin mutum ya kai nanomita dubu 80 ko kusa da haka. Idan aka ƙanƙantar da zinare zuwa nanomita goma-goma, halinsa yakan sauya. Haske na dukansa, sai elektron ɗin da ke cikinsa su kama kai-komo tare a lokaci guda, ƙarfin wannan motsi kuma ya koma zafi a jikin ƙwayar nan take. Girman ƙwayar da siffarta su ke yanke irin hasken da za ta fi sha. Tun a 1857 Michael Faraday ya haɗa ruwan zinare da ya fito ja wur, to amma sai a shekarun 1990 ne Naomi Halas ta Jami'ar Rice da ke Amurka ta ƙera ƙwayar da cikinta silika ne, wato sinadarin da ke cikin yashi, bayanta kuma siririn ɓawon zinare. In aka ƙara kaurin ɓawon ko aka rage, sai a saita ta a kan hasken da ake so.

Da wannan aka tunkari ciwon daji. Ana zuba ƙwayoyin a jini su taru a ƙari, washegari a haska su da lesa mai hasken infirared, wanda ido ba ya gani amma yana ratsa nama, su yi zafi su ƙona ƙarin daga ciki. A gwajin da aka wallafa a 2019, maza 13 cikin 15 masu ciwon dajin furosteti, wato ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ba a ga alamar cutar a tare da su ba bayan shekara guda. Abin farin ciki ne, sai dai mutum 15 ba su isa a yanke hukunci ba, kuma aikin yana buƙatar na'urar MRI mai ɗaukar hoton cikin jiki, da kuma ƙwararru. Wannan ɓangaren yana da masu kuɗi da hukumomin magunguna da za su bi shi. Ba shi ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Abin da ya dame ni shi ne tururi. A 2012 mutanen Halas suka nuna cewa in aka barbaɗa ƙwayoyin a ruwa aka tattara hasken rana a kansu, tururi yakan tashi tun ruwan bai tafasa gaba ɗaya ba, har daga ruwan da ke da ƙanƙara a ciki. Dalili kuwa zafin yana taruwa a wuri kaɗan, ba ya ɓacewa wajen ɗumama tukunya duka. A 2013 suka haɗa tukunya mai aiki da rana kaɗai, wadda ke turara kayan tiyata don kashe ƙwayoyin cutar da ke jikinsu. A 2014 kuma rukunin Gang Chen a jami'ar MIT da ke Amurka ya yi amfani da garafait, wato baƙin da ke cikin fensir, a kan soson kabon mai yawo a saman ruwa, ya mayar da kashi 85 cikin ɗari na hasken zuwa tururi, ba tare da ko ƙwayar zinare ba. Hukumarka da kanta ta ce kusan mutum biliyan ɗaya ne ke zuwa asibitocin da babu lantarki ko kuma ba shi da tabbas, ta kuma ce kashi 11 cikin ɗari na waɗanda ake yi wa tiyata a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suna kamuwa da cuta ta wurin aikin. Tukunyar da za ta kai digiri 121 ba tare da waya ko mai ba, ai ba ƙaramin abu ba ce a irin wannan hali.

To, fiye da shekara goma ke nan, ina tukunyar take? Haka ma na'urorin da ake son su mayar da ruwa mai datti ko mai gishiri tururi, a tara shi ya zama ruwan sha. Takardun bincike sun yi yawa, kusan kowacce tana alfahari da yawan ruwan da kayanta ya mayar tururi a ƙarƙashin fitilar ɗakin gwaji. Lissafin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Rana tsaka tana ba da wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita, abin da zai iya tayar da ruwa kimanin lita ɗaya da rabi a awa. Wasu suna ba da rahoton ninkin haka, kuma sau da yawa kayan nasu yana jawo ƙarin zafi ne daga iskar da ke kewaye. Da zarar an kifa gilashi don a tara ruwan, sai raɓa ta lulluɓe shi, iskar ciki ta cika da danshi, adadin ya faɗo. Bayan 'yan kwanaki gishiri ya toshe ƙofofin soson. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Tururin da ya bi iska ba ya kashe ƙishin kowa.

Saboda haka roƙona shi ne hukumarka ta kafa ma'auni. Tun 2014 kuna da tsarin gwada na'urorin tace ruwan gida, inda ɗakunan gwaji masu zaman kansu ke tantance ko abu yana kashe ƙwayoyin cuta kamar yadda mai shi ya faɗa. A shigar da waɗannan na'urori ciki, a auna lita nawa suka shiga kwalba a fili, a ranar hadari da ranar ƙura, tsawon watanni. A duba ko ƙwayoyin nano suna ɓallewa su biyo ruwan sha, domin irin na zinare in sun shiga jini a hanta da saifa suke maƙalewa, ba sa saurin fita. A duba kuma sinadarai masu saurin tashi, waɗanda ke iya bin tururi su sauka tare da ruwan da ake zaton ya tsarkaka. Ita kuwa tukunyar tiyata, kada a karɓe ta sai ta kashe ƙwayoyin bakteriya na gwaji da ake saka wa kowace tukunyar asibiti, ko da gajimare ya gitta ana tsakiyar aiki.

A ganina, in an fitar da wannan ma'auni, masu ba da tallafin bincike za su bi shi, kuma ina kyautata zaton baƙin kabon mai araha ne zai yi nasara a kan zinare a wannan fage. In sakamakon ya nuna cewa allon sola da tukunyar lantarki da aka saba sun fi sauƙi da aminci, to a faɗa a fili, kuɗin su koma can.

Allah Ya ƙara lafiya, Ya yi jagora.

Naka,
Wani mai bibiyar harkokin kimiyya da lafiya