Wasiƙa Zuwa Ga Sani a Iskandariyya

Assalamu alaikum, aminina Sani.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, karatu kuma na tafiya daidai. Su Inna suna gaishe ka.

Na ga saƙonka, inda ka ce ilimin Girkawan dā ya sha ruwa, wai ɗan firamare na yau ya fi su sani. Ta wani gefen da gaskiyarka. Manyan likitocinsu Buƙrat da Jalinus sun rayu sun mutu ba su san ƙwayoyin cuta ba, suna ɗora ciwo a kan rikicewar ruwa iri 4 na jiki. Masanin falsafarsu Arastu kuma ya ce abu mai nauyi ya fi mara nauyi saurin faɗowa, aka yi ta bin maganarsa har zuwan Galileo, masanin kimiyya ɗan Italiya.

Amma ka tuna garin da kake zaune. A nan ne Eratostenis, shugaban babban ɗakin karatu na Iskandariyya, ya auna kewayen duniya wajen shekara 240 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ya ji labarin cewa a Aswan da ke kudancin Masar, a yinin da ya fi kowanne tsawo a shekara, in rana ta take, haskenta na sauka har ƙasan rijiya, sanda ba ta yin inuwa. A Iskandariyya kuwa inuwa ta karkata da digiri 7 da ɗoriya, wato kashi 1 cikin 50 na da'ira. Sai ya ninka tazarar garuruwan sau 50. Abin da ya samu bai yi nisa sosai da kilomita 40,000 da muka sani yau ba.

Ɗalibaina sun haddace wannan adadi tsaf. In na ce ta yaya aka gano shi, sai aji ya yi tsit. Abin nan na ci mini tuwo a ƙwarya, Sani. Iliminmu ya ninka nasu, amma yawancinmu karɓa kawai muke yi, ba ma tambayar hujja. Na fi jin ana neman ta a zauren masu karatun manɗiƙi, wato ilimin kafa hujja na Arastu da ya iso mana ta hannun masu fassarar Bagadaza.

Don Allah, ranar 21 ga Maris ka kafa sanda mai tsawon mita 1, ka auna inuwarta lokacin da ta fi gajarta, ka turo mini. Mu ma za mu auna tamu a Kano, yaran su yi lissafin da hannunsu.

Ka gaishe mini da 'yan uwanmu ɗalibai.

Naka,
Bashir