Wasiƙa ga Iyaye da Masu Riƙo a Kan Littattafan Almara da 'Ya'yanmu Ke Karantawa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Iyaye da masu riƙon ɗalibanmu, muna gaishe ku da fatan alheri. Wasiƙar wannan zango a kan magana ɗaya za ta tsaya, domin malamai sun daɗe suna tattauna ta, kuma bai dace mu ci gaba da hakan a bayan idonku ba.

Akwai wani nau'in littattafan almara da ya shiga ran ɗalibanmu, musamman daga aji uku na ƙaramar sakandare zuwa sama. Akasarinsu a Amurka da Ingila ake rubuta su domin 'yan shekara 12 zuwa 18, kuma labaransu suna faruwa ne a ƙasashen da marubuci ya ƙirƙira, masu cike da matsafa da dodanni. A da yawa daga cikinsu, wanda ya fi dodo ban tsoro shi ne mahaifin yarinyar da ake ba da labarinta, wanda yake kulle ta a ɗaki ya hana ta abinci, ko mahaifiyar da kullum take nanata wa ɗanta cewa haihuwarsa asara ce. A waya yara suka fi samun su, ta manhajoji irin su Wattpad, wadda aka kafa a Kanada a 2006 kuma ƙa'idarta sai mai shekara 13 zai yi rajista, sannan akwai marubutan Hausa da ke sakin irin waɗannan labarai shafi-shafi a zaurukan WhatsApp.

Wani zai ce ai mu ma da tatsuniyar marainiya muka tashi, wadda kishiyar uwa take aika ta rafi mai nisa wanke-wanke da ƙanzo a matsayin guzuri. Gaskiya ne, kuma babu wanda ta lalata a cikinmu. Amma mu tuna yadda muka ji ta. A tsakar gida muke zaune bayan sallar isha'i, kafaɗa da kafaɗa da 'yan'uwa, kaka tana kallon fuskokinmu, idan ta ga tsoro ya yi wa ƙarami yawa sai ta sassauta murya, a ƙarshe ta ce ƙurunƙus, kowa ya san an fito daga labari. Yarinyar yau ita kaɗai take karatu a cikin bargo da ƙarfe biyun dare, labarin kuma da bakin wadda ake zalunta aka rubuta shi, ana cewa "ya mare ni", "na ɓoye kukana", har mai karatu ta ji kamar a jikinta. Sannan mai muguntar nan ba bare ba ne, mahaifi ne, mutumin da aka koya mata tun tana goye cewa shi ne mafakarta.

A zangon da ya wuce wata ɗaliba ta mayar da littafi ɗakin karatu, malamar da ke kula da ɗakin ta buɗe shi ta tarar an ja layi da fensir a ƙarƙashin jimla ɗaya, inda yarinyar labarin take sauraren takun mahaifinta daga soro domin ta gane ko yau da fushi ya dawo. An ja layin har sau uku, takardar ta kusa hujewa. Malamar ba ta yi mata faɗa ba, ta dai tambaye ta abin da ya sa wurin ya tsaya mata a rai, sai yarinyar ta yi shiru mai tsawo kafin hawaye ya zubo mata. Abin da ya biyo baya amana ne, ba za mu faɗe shi ba.

Ba kowane mai karatu ne haka ba. Mafi yawansu daɗin tsoro suke bi, su yi kwana biyu da nauyin zuciya ko mugun mafarki, ya wuce, wasu ma su fito da tausayin abokan da ba su samu gida irin nasu ba. Damuwarmu tana kan 'yan kaɗan ɗin da suke ganin gidansu a cikin shafin. Ga waɗannan, littafin yakan zama wuri na farko da suka ji an kira abin da ake yi musu da suna, abin da kunya da tsoron a ce sun yi rashin biyayya suka hana su furtawa. Mun san wannan magana tana da nauyi, amma addinin da ya wajabta wa ɗa biyayya shi ne ya ɗora wa uba amanar kiwo, kuma dokar kare haƙƙin yara ta Najeriya ta 2003 ta haramta azabtar da yaro ko wulaƙanta shi.

Saboda haka muna roƙonku kada ƙwace waya ya zama matakin farko. Ku tambayi yaro me yake karantawa, ku bar shi ya ba ku labarin da bakinsa ba tare da kun katse shi ba. Idan littafin ya fi ƙarfin shekarunsa ku faɗa masa dalili, ku kuma sa wayoyi su riƙa kwana a falo. Wanda kuma ya lura ɗansa ya rage cin abinci, ko yana firgita a barci, ko ya janye daga mutane bayan wani karatu, ya zo ya same mu. Ofishin malamar ba da shawara a buɗe yake kowace ranar karatu bayan an tashi, ga iyaye da ɗalibai, kuma za mu sake ɗauko maganar a taron iyaye da malamai mai zuwa.

Wassalam,
Shugabar Makaranta