Ƙanena ya dawo daga daji, amma hankalinsa yana can

Zuwa ga Likita mai amsa tambayoyin masu sauraro,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon a karanta wannan wasiƙa ba tare da an nemi sunana ba, domin maganar ba tawa ba ce ni kaɗai, kuma wanda ta shafa bai san na rubuto ba. Ni malamin makarantar sakandare ne a nan cikin garin Sakkwato, kuma ni ne babba a ɗakinmu tun bayan rasuwar mahaifinmu.

Ƙanena mai bi mini, ɗan shekara 29, fataucin albasa yake yi, yana sayowa daga ƙauyukan gabashin jihar nan. Wata bakwai da suka wuce 'yan bindiga suka tare motar da yake ciki, suka kora su daji. Ya kwana 38 a hannunsu kafin mu sayar da gonar gado mu haɗa kuɗin fansa. Ranar da ya dawo an cika gidanmu da 'yan barka, aka yi sadaka, aka wanke masa raunukan ƙafa, muka ɗauka cewa jarrabawar ta ƙare. Ƙafafun sun warke cikin mako uku. Abin da ya rage shi ne wanda ba ya ganuwa, kuma shi ne dalilin wannan wasiƙa.

Har yau da takalmi yake kwanciya. Na leƙa ɗakinsa da asuba ba sau ɗaya ba, na same shi zaune a bayan ƙofa ya jingina da bango, idonsa biyu. Idan 'yan kabu-kabu uku ko huɗu suka biyo layinmu a jere, sai ka ga jikinsa ya sandare, gumi ya keto masa ko da sanyin hunturu ake yi. Wata rana Inna za ta wanke masa riga ta sami gutsuren burodi a aljihu biyu, ya bushe ƙarau, ta zauna a bakin murhu tana hawaye ba ta ce da kowa komai ba. Kasuwa ya daina zuwa. Mutumin da a da ba ya iya cin tuwo shi kaɗai, yanzu ko abokansa suka yi sallama sai ya ce a ce musu yana barci. Idan Inna ta ce masa, "Mi ka damunka, ɗana?" amsarsa ɗaya ce: "Ba komi." Sau ɗaya kawai ya faɗa mini abin da ya fi wannan, muna zaune bayan sallar isha'i, ya ce akwai wani dattijo da aka ɗaure su tare wanda bai fito ba, kuma da ma shi kansa aka bari a can maimakon dattijon. Daga nan bai ƙara ba, ni kuma na rasa abin da zan ce masa.

Ba mu zauna haka nan ba. Inna ta sa an yi masa rubutun sha da tofi, kuma ni ban ga laifin hakan ba, domin yakan ɗan natsu idan ana karatu kusa da shi. Amma da aka kawo wani mai rukiyya wanda ya turnuƙe ɗaki da hayaƙi, ya sa aka danne shi yana daka masa tsawa wai aljani ya yi magana, sai ƙanena ya fizge ya fita, kuma ya kwana uku bai ci abinci ba. Daga baya na gane cewa mun maimaita masa abin da aka yi masa a daji ne, wato a riƙe shi da ƙarfi ana yi masa ihu. Na hana a sake. Wani abokinsa kuma ya sayo masa ƙwayar barci a kemis ba tare da takardar likita ba, ta yi masa aiki kwana kaɗan, sannan ya fara neman ƙari. Na karɓe sauran. Na kai shi wani asibiti mai zaman kansa, likitan ya saurare mu a tsanake gwargwadon lokacinsa, ya rubuta maganin ciwon damuwa, ya ce ba ya fara aiki sai bayan wasu makonni, amma ƙanena ya sha na kwana goma ya ajiye, yana cewa shi ba mahaukaci ba ne.

A nan ne kan gidanmu ya rabu. Baffanmu yana ganin a kai shi Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, tunda aikinsu ke nan kuma ba shi da nisa da gari. Inna kuwa da ta ji sunan Kware sai ta ce ba da ita ba, domin ka san yadda mutanenmu suke: da zarar an ji an kai mutum can, an gama yanke masa hukuncin hauka, ko da rashin barci ne ya kai shi. Ga shi an riga an kai kuɗin gaisuwar aurensa kafin abin ya faru, kuma dangin yarinyar sun fara tambaya. Inna cewa take yi, "Ku bash shi, wanga abu sai haƙuri da addu'a." Ni ina ganin tsoron Inna tsoron bakin mutane ne, kuma ba zan ce ba ta da hujja ba, amma bakin mutane ba shi ne zai mayar masa da barcinsa ba. Na tuna mata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta, kuma Annabi Yaƙubu ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari, ba wanda ya ce imaninsa ya raunana. Ta yi shiru, amma ba ta amince ba.

Saboda haka na duƙufa karatu a waya da dare, kuma wani abokina ma'aikacin jinya ya warware mini wasu abubuwa. Na fahimci cewa abin da ke damun ƙanena ya yi kama da ciwon firgici da ke biyo bayan mummunan tashin hankali, wanda ake zarginsa idan alamomin suka wuce wata ɗaya, ko da yake na san likita ne kaɗai zai tabbatar. Na kuma gane cewa likitan ƙwaƙwalwa daban yake da masanin halayyar ɗan'adam na asibiti: na farko likita ne mai rubuta magani, na biyu kuwa aikinsa gwaji da jinya ta hanyar zama a tattauna. Wannan na biyun nake nema, domin ina kyautata zaton ƙanena zai fi yarda da wanda zai zauna ya saurare shi fiye da wanda zai miƙo masa ƙwaya. Sai dai da na shiga neman, na tarar ita kanta jinyar tattaunawar hanyoyi ce daban-daban, kuma a nan ne kaina ya ɗaure.

Wadda na fi cin karo da ita ita ce hanyar gyaran tunani da ɗabi'a, wadda ake taƙaita sunanta da CBT, wadda wani likita ɗan Amurka, Aaron Beck, ya assasa a shekarun 1960. Yadda na fahimce ta, ana koya wa mutum ya kama tunanin da ke tayar masa da hankali ya auna shi da gaskiya, sannan a hankali ya riƙa tunkarar abin da yake gudu. Akwai nau'inta da aka tsara domin firgici, mai ɗaukar zama 8 zuwa 12 a galibi, inda ake sa majinyaci ya ba da labarin abin da ya same shi daki-daki, a maimaita, har zafin tunawar ya ragu. Idan na dubi ƙanena sai in ga inda za ta yi amfani, domin tunanin cewa shi ne ya kamata ya mutu maimakon dattijon nan tunani ne da ke buƙatar wanda zai zauna ya warware shi da shi. Amma zuciyata tana rawa a kan maimaita labarin. Mu an rene mu a kan cewa abin da ya wuce a bar wa Allah, kuma tonon ciwo fami ne. Mutumin da ya kasa faɗa wa mahaifiyarsa, ta yaya zai faɗa wa baƙo, har sau goma? Kuma akwai abin da ya fi wannan damuna. Littattafan suna magana ne kamar hatsarin ya wuce, sai a koya wa majinyaci cewa yanzu yana cikin aminci. To, hanyar da aka tare ƙanena tana nan, kuma ba a daina tare mutane a yankin ba. Idan ya ce yana tsoron komawa fatauci, ba kuskuren tunani ba ne. Ina son in ji yadda mai wannan jinya ke rarrabe tsoron da ya zama ciwo da tsoron da hankali ne ya kawo shi.

Na ga wata hanyar kuma da ake kira EMDR, wadda majinyaci ke tuna abin da ya faru a ransa yana bin yatsan mai jinyar da ido dama da hagu, kuma ba sai ya zayyana komai da baki ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ambace ta tare da waccan a jagorar da ta fitar a 2013 game da jinyar firgici. Wannan rangwame na rashin dogon bayani ya ja hankalina ƙwarai saboda shirun ƙanena, sai dai ina shakkar ko akwai wanda ya ƙware a kanta a kusa da mu.

Akwai kuma masu cewa a bar mutum ya yi magana yadda ya ga dama, mai jinya ya saurara kawai ba tare da ya tsara masa komai ba. Wannan ta yi kama da abin da dattawanmu ke yi a zaure, kuma tana da daɗin ji, amma ina tsoron kada mu shekara ana hira ciwon yana nan inda yake. Abin da ya fi burge ni shi ne abin da aka yi a Zimbabuwe, inda aka horar da tsofaffin mata suna zama a kan benci a harabar asibiti suna taimaka wa masu damuwa su warware matsalolinsu ɗaya bayan ɗaya, cikin harshensu. Haka nan a ƙasar nan, tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin da majinyata ke zama a ƙauyen Aro kusa da Abekuta tare da wani ɗan'uwansu, har yana aiki da masu maganin gargajiya. Da na karanta wannan sai na ce ashe ba dole ba ne a raba majinyaci da danginsa da abin da ya yi imani da shi. Irin wannan nake so wa ƙanena: jinyar da Inna za ta iya shiga ciki, wadda ba za ta ce masa ya ajiye addu'a a bakin ƙofa ba.

Na gwada neman masu ba da shawara ta waya. Waɗanda na samu a intanet yawancinsu a Legas ko Abuja suke, da Turanci suke aiki, kuma kuɗin zama ɗaya ya fi ƙarfin malamin makarantar da ya riga ya sayar da gona. Ƙanena makarantar allo da firamare ya yi. Ko da yana jin Turanci, abin da ya gani a daji da Hausa ya gan shi, kuma ban ga yadda zai fito da shi ta bakin tafinta ba. Ga kuma waɗanda ke tallar kansu a Facebook da WhatsApp a matsayin ƙwararru, ba ka da hanyar sanin wanda ya yi karatun da wanda ya buɗe shafi kawai.

To, Likita, ga abin da nake roƙo. A Kware ko a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, mutum zai iya neman ganin masanin halayyar ɗan'adam kai tsaye, ko sai likita ya tura shi, kuma ana iya zuwa a dawo gida a ranar ba tare da an kwantar da shi ba? Idan amsar ita ce e, ina ganin da ita zan shawo kan Inna. Waɗanne tambayoyi ya kamata in yi wa mai jinya a zaman farko domin in gane ko ya taɓa aiki da waɗanda aka yi garkuwa da su, kuma wace shaidar karatu zan nema ba tare da na ci fuskarsa ba? Na ji cewa dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi kare sirrin majinyaci da neman yardarsa, kuma ina son in san yadda hakan yake a aikace, domin idan maganar ta fita gari auren nan zai iya lalacewa. Sannan maganin da ya ajiye, ya wajaba ya koma kansa kafin a fara tattaunawar, ko ana iya farawa da tattaunawar kaɗai?

Abu na ƙarshe shi ne wanda ke hana ni barci ni ma. Maganar nan da ya yi, cewa da ma shi aka bari a can, ban san ko baƙin ciki ne kawai ko alama ce ta cewa yana tunanin cutar da kansa ba. Na kwashe maganin ƙwari na gona daga ɗakin ajiya, kuma na sa ƙaramin ƙanenmu yana kwana a ɗakinsa. Ina roƙon ka faɗa mini ko ya dace in tambaye shi kai tsaye, da irin kalmomin da zan yi amfani da su, da kuma alamar da idan na gan ta zan daina jiran yardar kowa in ɗauke shi zuwa asibiti a daren.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara maka lafiya da basira.

Naka mai sauraro,
Wani malamin makaranta, daga Sakkwato.