Wasiƙa: Turaren wuta ba ya kashe warin taba a bargo

Assalamu alaikum Edita, da fatan kuna lafiya, ya aiki ya sanyi. Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana da 'yan uwana mata.

Ƙanin maigidana ne ya sauka wajenmu sati biyu cikin hunturun nan, mutumin kirki wallahi sai dai akwai shi da zuƙar sigari, ga sanyi sai ya rufe taga ya ƙudundune yana busawa a ɗaki. Da ya tafi na shiga gyara, bargona mai laushi da na siyo a Kantin Kwari ko shekara bai yi ba, ina ɗagawa sai da na kau da kai. Abin da duk mace za ta fara yi shi na yi, na hura garwashi na zuba turaren wuta na kifa kabbasa na lulluɓa bargon a kai. Kai jama'a! Wari biyu suka haɗu suka ba da na uku, har gara na farkon.

Ashe hayaƙin taba yana ɗauke da nikotin da wani abu mai danƙo kamar kwalta, shi ne dai yake rina haƙori da yatsun mashaya su koma ruwan ɗorawa, to shi yake maƙalewa a zaren bargo, turare hawa kansa kawai yake yi, in ƙamshin ya gushe warin na nan daram.

Ga abin da ya yi min aiki. Na fara kakkaɓe shi na shanya a igiya wuni guda ina juyawa iska ta ratsa shi. Washegari na tara ruwa mai ɗumi a babban baho, ba tafasasshe ba don yana lalata gashin bargo, na zuba ruwan khal fari kofi ɗaya na jiƙa kamar awa guda, na zubar, sannan na sa omo na shiga da ƙafa ina tattakawa don hannu ba zai iya da wannan nauyin ba, da kun ga kalar ruwan da ya fito. Ɗauraya uku na yi, kuma sai da na sake wankin gaba ɗaya bayan kwana biyu kafin hancina ya yarda. A bari ya bushe ƙarau, in aka ninke da danshi wani warin ne sabo. Bayan nan ne turare yake da amfani.

Amma don Allah kar a haɗa khal da Hypo, iskar da suke fitarwa guba ce tana shaƙe mutum. Kuma labule da filo da katifa su ma sun sha hayaƙin, in ba a fitar da su rana ba bargon zai sake ɗauka.

Abin da ya fi damuna yara ne, autana a wannan bargon yake birgima yana tsotsar gefensa. Tun 2015 Najeriya ta yi dokar hana shan taba a wuraren taruwar jama'a, amma cikin gida wa zai kama wa? Ni kunya ta hana in yi wa ƙanin miji magana, sai Abban yara na turo, yanzu in ya zo akwai benci a ƙofar gida.

Taku,
Maman Auta, daga Kano