A Haɗa Ayarin Ma'aikatan Lafiya Masu Bin Majinyata Gida

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in ja hankalin Hukumar Lafiya a Matakin Farko ta Jihar Sakkwato da shugabannin ƙananan hukumominmu 23 kan majinyatan da ake sallama daga asibiti alhali jinyar ba ta ƙare ba.

Dattijon da ya samu shanyewar ɓarin jiki, da zarar an kawo shi gida, sai nauyin ya koma kan matarsa da 'ya'yansa mata. Ba wanda ya nuna musu cewa sai an riƙa juya shi kowane awa biyu don kada bayansa ya yi gyambo. Maganin hawan jini ya ƙare, a sayo wani a kemis ba tare da awo ba. Ga zafin Afrilu, ga kuɗin Keke Napep zuwa asibiti, sai a haƙura a zauna.

Shawarata ita ce kowace cibiyar lafiya ta mazaɓa ta samu ayari guda: nas, ma'aikacin lafiyar al'umma, mai gashin ƙashi, da masanin abinci saboda masu ciwon suga, likita kuma yana duba rahotonsu. Su riƙe kati ɗaya ga kowane majinyaci, su zauna tare duk mako. Dole a sa mata a ciki, domin gidaje da yawa namiji ba ya shiga.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi asusu don lafiya a matakin farko. A fara gwaji da Sakkwato ta Arewa da Sakkwato ta Kudu, kafin a kai Wamakko da sauran ƙananan hukumomi.

Naka,
Wani mazaunin Mabera, Sakkwato.