Takardar Koke Kan Jujin Bayan Unguwarmu

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
ta hannun Dagaci da Mai Unguwa.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, mu talakawanka mazauna gefen juji muke kawo kukanmu.

Jujin nan ya fi ƙarfinmu. Da rani a cinna masa wuta, hayaƙin leda ya kwana a ɗakunanmu, yara da tsofaffi masu asma su kwana tari. Da damina ledar fiya-wata ta toshe kwalbati, ruwa ya shigo mana gida. Ba kwashewa kaɗai muke roƙo ba, domin in mota ta kwashe yau, kafin sati biyu ya dawo yadda yake.

Ranka ya daɗe, shara iri-iri ce. Ƙarfe da gorar roba, ’yan jari-bola sun tsince su tun da asuba. Toka da ruɓaɓɓen abinci, manoma kan ɗiba su kai gona a matsayin taki. Abin da ke zama ya addabe mu shi ne wanda babu mai saye: leda mai datti, tsumma, yagaggun takalma, kwali da ya jiƙe. A kan wannan saura muke magana.

Akwai hanyar mai da shi man amfani. Ana dafa shi da zafi mai tsanani cikin rufaffiyar tukunya, iska ba ta shiga sai kaɗan, sai ya zama gas maimakon ya ci da wuta. A tace gas ɗin, a sarrafa shi ya koma sinadarin metanol ko itanol, waɗanda ake iya amfani da su a matsayin mai. A birnin Edmonton na Kanada, kamfanin Enerkem ya buɗe irin wannan masana’anta a 2014. Amma ba za mu ɓoye wa Hakimi ba, an rufe ta a 2024. Aikin yana da tsada, kuma injin ba ya son shara mai yashi da danshi, irin wadda ta fi yawa a wurinmu. Shi ya sa ba katafariyar masana’anta muke nema ba. A fara da abin da hannu zai iya ɗauka.

Muna roƙon Hakimi ya isar da kukanmu ga shugaban ƙaramar hukuma, a keɓe wani fili nesa da gidaje inda za a riƙa ware shara, a kuma sa yaranmu ’yan jari-bola a gaba, tunda su suka san kan juji. A gayyato masana daga Jami’ar Bayero ko Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato su duba sharar tamu, su faɗa mana gaskiya: wacce za ta ba da gas na girki, wacce za a dunƙula ta zama gawayi, wacce za a tatsi mai daga gare ta. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, kuɗin girki ya hana gidaje da yawa sakat, ga itace sai ƙara tsada yake yi.

Kafin nan, muna roƙon a hana cinna wa jujin wuta, a kuma yashe kwalbati kafin ruwa ya sauka.

Allah ya ja zamanin Hakimi.

Mu ne naka,
dattawa, iyaye mata da matasan unguwa.